Baƙo Ya Zo, Sai Gidan Fiza?

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin ɗaliban Hausawa da ke karatu a nan Birtaniya, wadda ya kamata mu gaya wa juna gaskiya a kanta. Idan wani abokin aiki ya zo daga wata ƙasa, ko don taron ƙara wa juna sani, ko don yin mako guda a ɗakin gwaje-gwaje, aka kuma ɗora wa ɗayanmu nauyin zaɓar inda za a kai shi cin abincin dare, to ba sai an yi duba ba, ɗayan wuri biyu za a nufa: gidan fiza, ko gidan sitek, wato gasasshen yankan naman sa irin na Turawa. Za ka ga malam ya duƙufa a intanet yana auna wannan gida da wancan, yana buga wa abokai waya, kai ka ce babin ƙarshe na kundin digirinsa yake haɗawa. Amma ko da wasa tuwo, ko masa, ko tsire ba za su faɗo masa a rai ba.

Masu yin haka suna kiransa wayewa da girmama baƙo. Ni kuwa kunya nake kiransa, kunyar abin da ya raine mu.

Mu fara da shi kansa baƙon. Idan Ba'italiye ne, kai shi ɗaya daga gidajen fizar nan masu rassa a kowane titi daidai yake da ka gayyaci Bafillatani ka dama masa fura da madarar gwangwani. Idan daga Ajantina yake, inda gashin naman sa ya zama al'adar kowane gida, me sitek ɗin Ingila zai nuna masa? Idan kuwa daga Jamus ko Japan ya fito, duk akwai waɗannan a bakin titin gidansu. Baƙo raɓa ne, yau yana nan gobe ya tafi. Abu ɗaya da ba zai samu a wurin kowa a sashen ba sai a wurinka, shi ne ɗanɗanon ƙasarku, kuma shi ne ka ɓoye.

Ita fizar da ake ɗauka abincin manya, ina asalinta? Abincin talakawan birnin Nafoli ne a ƙarni na 18 da na 19, ana sayar da ita a bakin titi kamar yadda ake sayar da ƙosai a Fagge. 'Yan ci-ranin Italiya ne suka tsallaka da ita Amurka, inda gidan Lombardi ya fara sayar da ita a New York a 1905. Mutanen nan ba su da digiri, galibinsu ko Turanci ba su iya ba, amma ba su raina abincin iyayensu ba. A 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa fiza na Nafoli cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Haka labarin yake a nan inda muke zaune. 'Yan Bangaladash, musamman mutanen yankin Silhet, su suka cika garuruwan Birtaniya da gidajen abincin da ake kira na Indiya, har ta kai a 2001 ministan harkokin wajen ƙasar na lokacin, Robin Cook, ya bayyana wani dafin kaza mai suna tika masala a matsayin abincin ƙasa na Birtaniya. Gwamnatin Tailan kuwa shiri na musamman ta ƙaddamar a 2002 don ƙara yawan gidajen abincinta a ƙasashen waje, domin ta fahimci cewa ta ciki ake shiga zuciyar mutum.

Kada wani ya ce namu abincin ba ya iya tafiya. Tun kafin mu san jirgin sama ya yi tafiya. Fatake da mahauta Hausawa sun kai tsire Legas ya zama suya, a Kamaru ana ce masa soya, a Gana cicinga, a Sudan kuma agashe, sunan da duk Bahaushe zai gane shi da jin farko. Shinkafa da waken da mutanen Akara ke layi a kai da safe suna kira wace, daga kalmarmu ta wake ta samo suna, ga kuma tuwon zafi da koko da ƙosai da zangonni suka yaɗa a faɗin Gana. Waɗanda ba su taɓa zama a aji ba sun ciyar da rabin Afirka ta Yamma, mu masu digiri na biyu mun kasa ciyar da baƙo ɗaya.

Na san hujjojin da ake kawowa. Wai baƙo ba zai iya cin yaji ba. To wa ya ce sai an zuba masa? Yajin tsire a gefe ake ajiye shi. Masa da miyar taushe, ko dambun shinkafa da zogale, ko sinasir, wanne ne a ciki zai ƙona bakin mutum? Kuma Baturen da ke cin abincin Indiya duk daren Juma'a ba barkonon Kano ne zai kore shi ba.

Wai kuma ci da hannu abin kunya ne. Fizar da hannu ake ɗaukarta. Habashawa sun buɗe gidajen abinci a Landan da Washintan, Turawa na zuwa suna gutsurar injera da yatsu suna murna, har suna ɗaukar hoto.

Hujja mafi ƙarfi ita ce, a garuruwa da yawa babu gidan abincin Hausa, kuma doka ta hana shigo da nama daga ƙasashenmu, saboda haka kilishin Agadasawa ba zai tsallake filin jirgi ba. Wannan gaskiya ne. Amma a unguwar Peckham ta Landan da wasu unguwannin Mancesta akwai masu gasa tsire da gidajen abincin Nijeriya da Gana, akwai kuma shagunan da ke sayar da kuka da daddawa da kuɓewa. Inda babu, ai akwai tukunya a ɗakin girkin ɗalibai. Wadda ta kafa gidan abincin Chishuru a Landan, Adejoke Bakare, wadda ta girma a Kaduna, da girka wa mutane a gida ta fara, kuma a 2024 ta zama baƙar fata mace ta farko a Birtaniya da ta samu tauraron Michelin. Yanzu Turawa ke neman kujera a wurinta makonni kafin ranar, don su ci irin abin da wasunmu ke jin nauyin ambata.

Ga wata matsala da ba a cika faɗa ba. Sau nawa mai masauki ke zaune a gidan da shi ya zaɓa yana ta juya takardar jerin abinci, yana gudun feferoni don akwai naman alade a ciki, yana shakkar yankan naman, a ƙarshe ya ɓuge da soyayyen dankali da ganye? Baƙo na lura. Zai koma gida da tunanin cewa mutumin nan bai da abincin da yake ci da sakin jiki. Wace karramawa ce wannan, mai gida na jin yunwa a kan teburinsa?

Ba cewa nake yi a tilasta wa kowa miyar kuka ba, abincin wani gubar wani. A tambayi baƙo ko akwai abin da ba ya ci, ko wanda jikinsa ba ya karɓa, musamman gyaɗa, tunda ita ce ƙashin bayan yajin tsire kuma tana yi wa wasu mummunar illa. Idan da bakinsa ya nemi fiza, a kai shi. Abin da nake ƙi shi ne mu yanke hukunci a madadinsa cewa namu bai isa a gabatar ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su tattara sunayen gidajen abincinmu na kowane gari da mambobi ke zaune, da na 'yan uwan da ke karɓar aikin girki, a raba wa kowa. Gobe waɗannan baƙin su ne za su zauna a kan takardunmu na neman tallafin bincike, su ne kuma za mu gayyata Zariya ko Yamai. Wanda ya taɓa cin masa a hannunka ba zai manta daga ina ka fito ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya sa mu gane.