KADA KU HANA SU KARANTA LABARIN GIDAJENMU

Ya ku 'yan'uwa mata, musamman ku na Gwarzo da Kabo da ƙauyukan kewayensu.

Sau da yawa in uwa ta ga 'yarta riƙe da littafin hikaya sai ta fizge, wai zai lalata ta. A shekarar 2007 ma har ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a bainar jama'a a Kano. Gaskiya ne akwai na banza a cikinsu, amma ba a zubar da hatsi saboda tsakuwa, sai dai a rairaye. A ganinmu, a cikinsu ne mata suka sami bakin faɗin abin da mulkin maigida ke jawowa in babu adalci.

Ku dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire ta daga makaranta aka aurar da ita tana da shekara 13. A littafinta Wa Zai Auri Jahila? na 1990 ta kawo labarin Abu, yarinyar da aka hana karatu aka ba tsoho, ta gudu, ta koma makaranta har ta zama ma'aikaciyar jinya. A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta don ya yi amarya, ta shiga sayar da abinci ta riƙe su. Wace ce a cikinmu ba ta san wata Rabi a unguwarsu ba?

Wannan ciwo kuwa ba namu ne kaɗai ba. A 2012 wani kamfanin ɗab'i na birnin Chennai a Indiya ya buga labarin Rabi da Turanci, fassarar Malam Aliyu Kamal. A can ƙasar kuma akwai Banu Mushtaq, lauya Musulma daga jihar Karnataka, wadda littafinta na gajerun labarai 12 ya ci babbar kyautar Booker ta duniya a 2025. A ɗaya daga cikinsu mace ce mijinta ya wulaƙanta, ta yi yaji, danginta suka mayar da ita don gudun surutun mutane. Watau dai haƙurin da ake ɗora wa mace ita kaɗai, shi ne a can, shi ne a nan.

Marubutan nan ba su ce a raina aure ba. Abin da suke tambaya shi ne, don me za a tuna wa mace biyayya kullum, a manta da ci da sha da suturar da ke kan miji?

Saboda haka iyaye mata, maimakon fizgewa, ku sa yarinya ta karanta muku bayan an gama tuwon dare, ku tattauna, ku nuna mata mai kyau da maras kyau. Ku kuma 'yan makaranta, kada ku tsaya ga karatu kawai. Tun 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata domin gajerun labaran mata, kuma Aisha Muhammad Sabitu daga maƙwabciyarku jihar Katsina ce ta fara lashe ta. Ku ɗauki alƙalami ku rubuta abin da kuke gani a Gwarzo da Kabo, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.