Wa zai ce gwaji ya isa?

Bara aka kawo mana manhajar lissafin makin ɗalibai, aka ce an gama gwada ta. A ajina akwai yara biyu masu suna ɗaya, sunan uba ma ɗaya. Manhajar ta haɗe makinsu. Saura ƙiris yarinya mai ƙoƙari ta maimaita aji, ba don uwarta ta zo da takardun jarrabawa a hannu ba.

Ban ce mai manhajar ya yi ƙarya ba. Ya gwada, amma ba da irin ajinmu ba. Manya ma sun faɗa wannan rami: ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Turai, Ariane 5, ta tarwatse ba ta cika minti ɗaya a sama ba. Manhajar Ariane 4 aka ɗora mata, ba a gwada ta da yanayin tashin sabuwar ba.

Gwaji ba ya ƙarewa da kansa, mutum ne ke cewa ya isa. A makaranta, ni dai ina ganin malamin aji ya kamata ya faɗa, bayan ya zuba sunayen ajinsa na gaskiya, har da wanda rashin lafiya ya hana zana jarrabawa, a wayarsa, ranar da babu rezo.