Mu Kai Yaranmu Su Ga Duwatsun Ƙasarsu

A hutun makarantar da ya wuce, autana ya miƙo mini waya yana nuna mini bidiyon wani Ba'amurke da ya kwashi iyalinsa a doguwar mota mai ɗakin kwana da madafa da makewayi, suna yada zango a gindin duwatsu. Ya ce, "Baba, mu ba mu da irin waɗannan duwatsun ne?" Tambayar ta tsaya mini a rai. Yaron da aka haifa a Ƙofar Sauri bai taɓa ganin dutsen da garin Dutsin-Ma ya samo sunansa ba, alhali tafiyar kamar awa guda ce daga birnin Katsina.

Mu iyaye ke da laifi. Tafiyarmu da iyali ba ta wuce biki, ta'aziyya ko asibiti. Mai hali kuwa, idan ya tashi hutu, sai Dubai ko Masar. Kullum muna faɗin tafiya mabuɗin ilimi, amma mun bar 'ya'yanmu suna sanin duniya ta fuskar waya.

Kwana a hanya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu fatake ne. Daga Katsina ayari ke tashi da jakuna, madugu na jagoranci, a nufi Gwanja sayen goro ko Agadas kusa da duwatsun Azbin, a yi watanni ana sauka ana tashi. Shi ya sa har yau muke da garuruwa irin su Zangon Daura da Zangon Kataf. Ba sai da motar Amurka ba. Tabarma, gidan sauro, buta, jarkar ruwa, kilishi da ƙuli-ƙuli sun ishi magidanci guzuri.

Wuraren zuwa kuwa Allah ya hore mana. Ga Dutsin-Ma da madatsar ruwan Zobe a kusa da shi. Ga Dala a tsakiyar Kano, ga Kufena a Zariya. Wanda ya iya yin nisa ya hau tudun Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ya ga duwatsun Shere da na Riyom da aka ɗora kan juna kamar da hannu. A gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, ruwan Wikki na nan da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina. Can Taraba kuma ga tsaunin Mambila da gonakin shayinsa, kuma a yankin ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419.

Abin da ya fi kallo muhimmanci shi ne darasin da ke jikin dutse. Ka tsayar da yaro a kan Dala ka tambaye shi me ya sa mutanen farko suka zauna a nan. Da idonsa zai gane: daga sama ana hango maƙiyi tun daga nesa, ruwa na taruwa a gindin dutse, ƙasar wurin ta noma ce, ga kuma tama ta maƙera. Haka labarin duwatsun Kufena da Turunku da Kwatarkwashi yake. Abin da malami zai yi mako yana bayani a allo, yini ɗaya ya wadatar. Gani ya kori ji.

Na san abin da mai karatu zai ce: ina tsaron yake? Gaskiya ce mai ɗaci. Dajin Rugu ya zama maɓoyar 'yan bindiga, mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya sun sha wuya, kuma ba mu manta da ɗalibai sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020 ba. Ba zan ce wa kowa ya kai iyalinsa su kwana a daji ba. Amma tsoro bai kamata ya kulle mu a ɗaka har abada ba. A fara da kusa, a tambayi mutanen gari halin hanya kafin a tashi, gida biyu ko uku su haɗu, a yi sammako, a dawo kafin magariba. Idan kwana ya kama, a kwana cikin gari. A jira kaka, lokacin da dutse ya daina santsi.

Ga hukuma, aikin farko shi ne tsaron hanya. Bayansa sai ƙananan abubuwan da ba su da tsada: rumfar hutawa, wurin sallah, makewayin mata, ruwan sha, da matasan gari da za a horar su riƙa bayar da tarihin wurin suna samun na kansu.

Kai kuma uba, kada ka jira sai komai ya daidaita. Asabar mai zuwa ka ɗauki uwargida da yara ku fara da hasumiyar Gobarau da gidan tarihi na tsohuwar Kwalejin Katsina, sannan rijiyar Kusugu a Daura. Daga nan sai duwatsu. Yaron da ya taka ƙasarsa da ƙafarsa shi ne zai girma yana kishinta.