Wa ya tambaye su, kuma da wane yare?

Akwai maganar da na gaji da ji daga bakin ƴan uwanmu ɗaliban likitanci: "Ai mutanenmu ba za su yarda ba." Ka kawo zancen ba maras lafiya ƙoda, ko a teburin mai shayi ne a Harobanda, amsar ke nan. Wani ya ƙara da "addini ya hana", sai a koma Faransanci a ci gaba da hira.

To wa ya tambayi mutanen?

Batun addinin ba shi da tsawo. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mai rai ko mamaci bisa sharuɗɗa: da izinin mai ita ko magadansa, kada ta zama wadda ran mai bayarwa ya rataya a kanta, kuma ban da ciniki. Akwai malaman da suka saɓa, gaskiya ne. Amma wanda ya haddace ƙasusuwa 206 ba shi da uzurin rashin sanin wannan.

Ni mai karatun harshe, abin da ya fi damuna shi ne bakin da za a yi tambayar da shi. Shekara da shekaru ana karatun likita a Yamai da Faransanci, alhali dangin maras lafiya Hausa suke ji, ko Zabarmanci. Ka ce wa ɗalibi ya fassara "mort cérébrale", zai ce "ƙwaƙwalwarsa ta mutu". Haba malam! Bahaushe ya ji haka, dakiki zai ɗauka ake nufi, ko wanda ya taɓu. Uwa na ganin ƙirjin ɗanta na motsi, jikinsa da ɗumi, me ka faɗa mata ke nan? Abin da take buƙatar ji shi ne: inji ke hura masa numfashi, shi da kansa ba zai ƙara ja ba har abada.

Haka "cire ƙoda". Kalmar cire ta riga ta ɓaci, ɓarayi ake ji a cikinta, musamman tun da kotun Landan ta ɗaure sanatan Nijeriya Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 a 2023 kan yunƙurin raba wani saurayi da ƙodarsa. Ga kuwa kalmar dashe muna da ita. Duk mai noman albasa a Galmi ya san dashe: a tumɓuke daga nan, a kafa can, wani ya kama, wani ya ƙi, kuma ko ya kama sai da ban-ruwa. Ga bayanin jikin da ke ƙin baƙuwar ƙoda, ga dalilin shan magani har ƙarshen rayuwa, duk a lambu ɗaya. Wallahi manomi zai riga ɗan aji ɗaya ganewa.

Kuma "ba za su yarda ba" ɗin nan, Kano ta ƙaryata shi. Tun 2002 ake dashen ƙoda a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ƴan uwa na ba ƴan uwansu. Yarenmu ɗaya, addininmu ɗaya. Nan Yamai ma kullum dangi na miƙa hannu a ɗebi jininsu don nasu. Su kuwa masu wankin ƙoda a Lamorde, awa 4 suke kwantawa jikin inji, sati bayan sati, ba ranar gamawa.

Zargina kuwa shi ne, tsoron nasu ne suke jingina wa ƴan ƙauye. Tambayi mai farar rigar, "Kai fa, za ka ba ƙanenka?" sai ka ga ya shiga duba wayarsa. Tsoro ba laifi ba ne, wuƙa ce za ta shiga ciki. Ya dai faɗa da bakinsa, ya bar lakaba wa kakata.

Tun watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa. To, kafin a ba ɗalibi takardar likita, a zaunar da shi gaban tsohuwa ƴar Dogon Dutsi, ya yi mata bayanin dashen ƙoda cikin minti 5 ba tare da kalmar Faransanci ko ɗaya ba. Ita za ta ba da makin.