Inshorar Lafiya: Ina Rabon Manomi?

Inshorar lafiya kamar adashi take. Jama'a su riƙa zuba kaɗan-kaɗan tun suna da lafiya, ran da ciwo ya kama ɗayansu sai a biya asibiti daga asusun. Amma a Nijeriya har yanzu fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fitowa. Shi ya sa ake sayar da akuya, a jinginar da gona, kafin likita ya taɓa mutum.

Ba doka muka rasa ba. An kafa shirin NHIS a 1999, ya soma aiki a 2005. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi morarsa: mutum da matarsa da 'ya'ya huɗu. Manomi da ɗan tireda da gwauruwa aka bar su a baya. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. To, ina asusun ya kwana a ƙauyukanmu?

Waɗanda suke ciki ma ba su huta ba. Kamfanonin HMO, masu shiga tsakanin hukuma da asibiti, an sha kuka da su a kan jinkirin biya. In asibiti bai ga kuɗinsa ba, sai a ce wa mai kati magani ya ƙare, ya je kemis ya saya. Wannan biya biyu ke nan, kuma zalunci ne.

Muna kira ga hukumar NHIA ta hukunta duk kamfanin da ya riƙe haƙƙin asibiti, ta bayyana sunansa. Gwamnonin jihohi kuwa su biya wa matalauta nasu kason, kada abin ya tsaya a bikin ƙaddamarwa.

Mu ma, 'yan'uwa, da namu aikin. Jihohi irin su Kaduna da Filato suna da hukumominsu, KADCHMA da PLASCHEMA. Dattawan ikilisiya da zumuntar mata su je su tambayi ƙa'ida, su yi wa gwauraye da marayu rajista tun kafin ciwo ya zo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.