Kada ka bar wayarka ta raɗa wa ciwo suna: darasi daga kalmomin mura na Sifaniyanci

A wannan shafi mun saba yabon Google Translate da 'yan uwansa, kuma sun cancanci yabo: ka haska kyamara a kan allo ya karanta maka, ka yi magana ya juya maka ita zuwa wani harshe. Amma akwai wuri ɗaya da ni dai ban yarda a sakar wa manhajar fassara ragama ba, wato lokacin da mara lafiya yake faɗa wa likita abin da ke damunsa. Zan kawo misali da kalmomin mura a Sifaniyanci idan ana mayar da su Turancin asibiti, domin a nan matsalar ta fi fitowa fili. A Amurka kaɗai sama da mutum miliyan 40 ne ke magana da Sifaniyanci a gida, kullum kuma wasunsu na gaban likitan da Turanci kawai yake ji, waya ce a tsakaninsu.

Mu fara da kalmar da ta fi yin suna. Mutumin Madrid idan ya ce “estoy constipado”, mura yake nufi: hanci ya toshe, ga majina, ga atishawa. To a Turanci akwai “constipated”, wadda ke nufin bayan gida ya ƙi fita. Kalmomin biyu daga tushe ɗaya na Latin suka fito, mai ma'anar cushe abu wuri guda, sai ɗaya ta tafi hanci, ɗaya ta gangara ciki. Mutumin Sifaniya idan taurin bayan gida ne ke damunsa “estreñido” zai ce. Sai dai kafin ka ce ai shi ke nan an gane, a Ajantina ana amfani da “constipado” da ma'anar nan ta ciki, kamar dai Turanci. Ka ga kenan ƙasar mai magana ce ke yanke hukunci, ita kuwa manhaja haruffa take gani, ba ta ganin fasfo. Idan ta zaɓi ma'anar da ba ita ba, mai mura zai koma gida da maganin wankin ciki.

Wannan ma abin dariya ne idan aka kwatanta da “gripa”. A ƙamus, “gripe” ita ce “influenza”, wadda Turawa ke taƙaitawa su ce “flu”. Amma a Meksiko da Kolombiya mutum zai ce “tengo gripa” ko da 'yar mura ce ta kwana biyu. A wurin likita kuwa waɗannan cututtuka biyu ne daban. Murar yau da kullum, “common cold”, yawanci ƙwayar rhinovirus ce ke kawo ta, kuma tana wucewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10. Ita “influenza” Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, kuma maganinta irin su oseltamivir ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48 na farko. Idan waya ta fassara “gripa” da “flu”, ta ɗora wa mutum cutar da watakila ba ita ba ce. Idan ta fassara da “cold” alhali tsoho ne mai zazzaɓi mai zafi da ciwon jiki, an raina abin da ke buƙatar gaggawa. Ko ta ina ka duba, wayar ta yi aikin da ba nata ba, ta ba ciwo suna tun likita bai taɓa mara lafiya ba.

Sauran kalmomin suna da yawa. “Resfriado” da “resfrío” da “catarro” duk mura ce, ya danganta da ƙasa. A Puerto Rico za ka ji “monga”. Ɗan Meksiko da ya ce yana “mormado” hancinsa ne ya toshe, abin da likita zai rubuta “nasal congestion”. Idan ya ce “cuerpo cortado”, fassarar kalma da kalma ita ce yankakken jiki, alhali kasala da ciwon gaɓoɓi yake nufi, ba wanda ya sa masa wuƙa. “Calentura” zazzaɓi ne a Meksiko da ƙasashen tsakiyar Amurka, a Sifaniya tana iya zama ƙurjin nan da ke fitowa a leɓe, a wasu bakunan kuma sha'awa ce, sai ka yi tunanin kunyar da za a sha a ɗakin likita. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce “anginas”. Mai ita yana nufin ƙullutan nan biyu na cikin maƙogwaro sun kumbura, abin da ake kira “tonsillitis”. A Turancin asibiti kuwa “angina” ciwon ƙirji ne da ke zuwa idan jini bai isa zuciya yadda ya kamata ba. Harafi ɗaya ne tsakaninsu.

Wani zai ce ai duk wannan zuzutawa ce. To a 1980, a jihar Florida, an kai wani matashi ɗan shekara 18 asibiti ba ya cikin hayyacinsa. Danginsa, masu jin Sifaniyanci, suka ce yana “intoxicado”, suna nufin ya ci ko ya sha wani abu da ya ɓata masa jiki. Aka ɗauke ta a matsayin “intoxicated”, wato ya yi maye, aka yi masa magani kamar wanda ya sha ƙwaya fiye da kima. Ashe jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a gane, hannuwa da ƙafafu sun shanye, kuma shari'ar ta ƙare da diyyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 71. Lokacin babu wayar hannu, mutane ne suka yi kuskuren. Amma irin wannan tarkon ne dai, na kalmomi masu kama da juna.

Gaskiya ne manhajojin sun ci gaba sosai. Wani bincike da mujallar JAMA Internal Medicine ta wallafa a 2019 ya gwada Google Translate da umarnin da likitoci ke rubuta wa marasa lafiya lokacin sallama, aka samu kashi 92 cikin ɗari na jimlolin Sifaniyanci daidai ne, kashi 2 kuma na ɗauke da kuskuren da zai iya cutarwa. Sakamako ne mai kyau. Sai dai ku lura, wannan rubutaccen Turancin likita ne ake juyawa zuwa Sifaniyanci. Maganar tsohuwa mai tari da dasasshiyar murya, da kalmomin ƙauyensu, wani abu ne daban.

Mu ma Hausawa mun san wannan. Mace ta ce tana da “ciwon sanyi”, waya ta rubuta wa Bature “cold”, ya miƙo maganin mura. Ko a ce yaro yana da “shawara”, idanunsa sun yi rawaya, manhaja ta ɗauka shawarar da ake ba mutum ce.

Don haka ga yadda nake ganin ya kamata a yi, ko kai ne mara lafiyar, ko kana taimaka wa wani da wayarka. Ka bar sunan ciwo, ka rubuta abin da jiki ke yi. Maimakon “gripa” ita kaɗai, a tambayi mutumin: hanci na zuba ne ko ya toshe? Tarin busasshe ne ko da kaki? Kakin wane launi? Kwana nawa? An auna zafin jiki, nawa aka gani? Jimla irin “hancina ya toshe kwana uku, ina tari da kaki, zafin jikina 38.5” kowace manhaja za ta juya ta lafiya lau. Nan ma a kula: a Amurka da ma'aunin Fahrenheit suke aiki, 38 namu shi ne 100.4 nasu, don haka a rubuta C ko F kusa da lambar.

Kada kuma ka matsa sai ka fito da manyan kalmomi. Ba sai ka ce “rhinorrhea” ba, “runny nose” ta wadatar, likita ya san yadda zai rubuta a takardarsa. Idan dole sai ka fassara kalma ɗaya, rubuta ta ita kaɗai a Google Translate ka duba ƙasa, yakan jero wasu ma'anoni. Sannan ka danna kibiyoyin nan biyu na juya harshe, ka ga ko fassarar za ta dawo da abin da aka faɗa tun farko. Idan ChatGPT ko Gemini kake amfani da shi, gaya masa ƙasar mai maganar, misali: “Wannan ɗan Meksiko ne, ya ce yana mormado kuma yana da cuerpo cortado. Ba ni duk ma'anonin da zai iya nufi, da tambayoyin da zan yi masa don in tabbatar.” Ba sai ka sa sunan mara lafiya ko hoton katinsa na asibiti ba.

Idan kuwa aka zo ga numfashi sama-sama, ko ciwon ƙirji, ko ruɗewa, ko jariri mai zazzaɓi, a nemi tafinta ɗan Adam. A Amurka asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya doka ta wajabta musu samar da shi kyauta, ko da ta waya ne ko ta bidiyo. Jimlar da za ka ajiye a wayarka tun yanzu ita ce “I need an interpreter”, a Sifaniyanci kuma “necesito un intérprete”.