Baƙon da ba ya cin nama

A wannan mako za mu ajiye zancen farashin kaya, mu leƙa cikin tukunya. Dalili kuwa, wani ƙanena, ɗan gwaggona, ya dawo daga karatu a Faransa da wata sabuwar ɗabi'a: ba ya cin nama, kifi ko ƙwai, ba ya shan nono, ba ya taɓa man shanu, cuku ko zuma. Turawa suna kiran mai wannan hali "vegan", kalmar da ta fito a Ingila a shekarar 1944, lokacin da Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyarsu. Hujjar wasunsu tausayin dabbobi, ta wasu kuma lafiyar jiki ko kare muhalli. Ban zo in yi masa shari'a ba. Shi da bakinsa ya faɗa gaban dattawa cewa bai haramta abin da Allah ya halatta ba, bari kawai ya yi. Abin da ya dame ni shi ne yadda zai rayu a ƙasar kilishi da balangu ba tare da ya rame ko ya ɓata da dangi ba.

Ranar da ya sanar, gwaggo ta ɗauka ciwo ne yake ɓoyewa. Kakarmu kuwa dariya ta yi, ta ce ashe sai an je Turai ake koyon abincin da suke ci a ƙauye don babu yadda za su yi. Tsohuwa tana da gaskiya. Tuwon hatsi da miyar kuka mai daddawa da gabu, shinkafa da wake, ɗan wake, ƙosai, dambu da zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, awarar waken suya da ƴan mata ke soyawa a bakin titi: duk babu dabba a cikinsu. Wake kuwa ba baƙonmu ba ne, tunda bayan Nijeriya ƙasarmu ce kan gaba wajen nomansa a duniya. Masana abinci sun tabbatar cewa sinadarin gina jiki da hatsi ya gaza a kai, wake yana cike shi, saboda haka wanda ke haɗa su kullum bai yi asara ba.

Wahalar tana cikin abin da ido ba ya gani. A gidajenmu na birni da nama ake fara miya, romonsa ne ginshiƙinta, don haka tsame tsoka daga kwano ba ya raba mutum da komai. Ga busasshen kifi da ake dakawa a zuba, ga man shanu a kan tuwo, ga dunƙulen Maggi wanda wani irinsa na kaza ne, sai an karanta takardarsa. Fura kuma ba ta yiwuwa sai da nono, ya koma kunun tsamiya da kunun gyaɗa. Ƙarshe dai sai da aka ware masa ƙaramar tukunya, wato ƙarin itace da ƙarin tsayuwa a madafa, kuma nauyin ya faɗa kan matan gida waɗanda ba a yi shawara da su ba. A nan na yi masa faɗa. Ya ji, yanzu shi ke sayen kayan miyarsa, wani lokaci har ya dafa da kansa, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

A waje lamarin ya fi tsanani. Duk ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ya saba hanyar Maraɗi zuwa Yamai ya san abin da ke jiran matafiyi a Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso: tsire, gasasshiyar kaza, da mai shayi da burodinsa da ƙwai. A gidan abinci, in ka ce "ban da nama", sai a ɗauke yankan a miƙo maka miyar nan dai. Salati yana zuwa da mayonez, wadda da ƙwai ake yin ta, kwambitar kuma sau da yawa a man da aka soya kifi ake soya shi. Ƙanena ya koyi tambayar da ta dace, wato "da me aka haɗa miyar?", ya kuma gane cewa teburin mai ƙosai da na mai shinkafa da wake da mai da yaji sun fi masa babban otel. Ba ya shiga mota sai da dabino, gyaɗa da aya a jaka.

Amma duk wannan sauƙi ne in aka kwatanta da gidan mai masauki. Mun taɓa sauka da shi wurin wani abokin mahaifinsa a Damagaram, dattijo mai mutunci, wanda ya sa aka yanka zabi biyu saboda mu. Da aka buɗe kwano, yaron ya ce: "Baba, a gafarce ni, ba na ci." Dattijon bai ce uffan ba, ya rufe kwanon, hira ta mutu. A wurinmu yanka wa baƙo girmamawa ce, ƙin ci kuwa tamkar mayar da kyauta. Laifin na ƙanena ne, da nawa ni da na sani na yi shiru. Da mun aika tun kafin mu taso, da an dafa wake an bar zabin da ransu, ba wanda ya ji kunya. Sai da gwaggo ta kira ta ba da haƙuri.

Saura abu guda da ba a wasa da shi, wato bitamin B12. Ba a samun sa a hatsi, wake ko zogale, duk da yabon da ake yi wa ganyen. Abin da babba ke bukata a rana kaɗan ne, wajen mikrogram 2,4 a lissafin hukumomin lafiya na Amurka, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum ke zaton lafiya lau yake har ƙarancin jini da mutuwar yatsu su bayyana, jijiyoyi su taɓu. Wanda ya bar abincin dabba gaba ɗaya dole ya nemi ƙwayar a farmasi, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa kada su shiga wannan hanya sai da likita. Ƙarfen jini da ke cikin wake da ganye ma jiki ba ya jan sa da sauƙi: matsa lemun tsami yana taimakawa, shayinmu mai ƙarfi a kan abinci yana hanawa. Na faɗa masa ya jinkirta shayin, abin da ya fi barin naman yi masa wuya.

Babbar Salla ce bai riga ya gani a gida ba tun dawowarsa. Ya ce zai kama ƙafar rago ya kuma kai rabon maƙwabta. Gwaggo ta ce ta ji, amma hantar da ta saba gasa masa tun yana yaro za ta ajiye ta a kwanonsa.